Ranar da Ban Yi Tuntuɓe Ba



Duk sa'ad da aka tambaye ni yadda na fara rubutu, nakan ce da jarida na fara, sai mutane su ɗauka na taɓa zama ɗan jarida. Ban cika gyara musu ba. Gaskiyar magana ita ce rabon jarida na yi a kan keke, ina yaro ɗan shekara 11, a Tudun Wadar Zariya. A cikin wannan aiki akwai wani abu da ya faru wanda na shekara kusan arba'in ina kewaye shi idan na zo ba da labari. Yau shi nake so in faɗa.

A farkon 1983 na fara, ina aji huɗu na firamare. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da teburin jarida a bakin titi, a gindin wata dalbejiya. Yaron da ke yi masa rabo ya tafi koyon kanikanci, sai Inna ta ce a gwada ni, tunda kullum ina liƙe da takarda kamar gara. Aka ɗaure mini akwatin katako a bayan wani tsohon keke Rali wanda ƙafata ba ta kai feda in na hau sirdi, sai dai in zura ta ƙarƙashin ƙarfe in riƙa tuƙi a karkace. Aka ba ni hon na roba irin na masu jarida, da wani ƙaramin littafi na rubuta bashi. Shi ke nan, na zama ma'aikaci.

Da an sallame sallar asuba muke tafiya Sabon Gari ni da Kawu, wurin ejan. A nan masu jarida na gari duka suke taruwa suna jiran mota daga Kaduna. In lokacin hunturu ne sai a haɗa wuta da kwalaye, kowa ya miƙa hannu. Da motar ta tsaya sai a sauke ƙunshi-ƙunshi ɗaure da igiya, ejan ya yanke, ya riƙa ƙirga wa kowa nasa yana rubutawa. Jaridar tana da ɗumi-ɗumi a tsakiyar ƙunshin, tawadarta ba ta gama bushewa ba, kafin ka ƙirga hamsin yatsunka sun yi baƙi. Na sha bulala a makaranta saboda wannan baƙin, malami ya ce ban yi wanka ba.

New Nigerian ce ke fara isowa, domin a Kaduna ake buga ta, ita da Gaskiya Ta Fi Kwabo a ranakun da take fitowa. Daga Kano ana kawo Triumph da 'yan uwanta biyu na Hausa, Albishir ta boko da Alfijir ta ajami. Na Legas kuwa, irin su Daily Times da Punch da Concord, da Amana wadda kamfanin Abiola ke bugawa da Hausa, sai rana ta yi suke zuwa, wani lokaci ma sai washegari. Waɗannan Kawu ne ke ji da su a tebur. Nawa aikin shi ne na safe: gida 30 da 'yan kai, daga wajen Agoro zuwa Kongo, in dawo in sa rigar makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ka'idar sana'ar ba ta da wuya. Kowace jarida da aka sayar akwai ɗan kamasho a kanta. Wadda ta yi kwantai a mayar wa ejan ya cire daga lissafi, amma fa sai in tana nan lafiya. Wadda ta yage, ko ta jiƙe, ko mai ya taɓa ta, ta zama taka, sai ka biya. Kawu ya maimaita mini wannan ya fi sau goma. Irin waɗannan da suka lalace su muke tarawa mu sayar wa masu ƙosai da masu tsire a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na sha sayen ƙosai in ga an naɗe mini shi da fuskar ministan da na kai gidajen mutane makon jiya.

A wannan zagaye na fara sanin mutane. Akwai malamin jami'a da ke jirana a ƙofa da kofin shayi a hannu, ya karɓa bai ko dube ni ba, idonsa na kan sharhin edita da New Nigerian ke sawa a shafin farko. Akwai ɗan kasuwar da ba ya karanta Turanci ko kaɗan, amma kullum sai an kai masa, ya naɗe ya riƙe a hammata ya tafi kasuwa. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da shafin baya kawai take so, saboda ƙwallo. Akwai 'yan wata, waɗanda sai an yi albashi suke biya, da kuma waɗanda ko an yi albashin sai yaro ya fito ya ce Baba ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin zaure. A teburin Kawu kuma ga 'yan karatun bati, su tsaya su karanta kanun labarai, su yi gardama har a kusa dambe, su watse ba wanda ya sayi ko ɗaya.

Na kuma gane cewa ranar baƙin cikin jama'a ita ce ranar cinikin mai jarida. Malam Aminu Kano ya rasu ranar Lahadi 17 ga Afrilu 1983. Washegari ban kai rabin zagayena ba mutane suka tare ni a hanya, suna cusa mini kuɗi suna zare jarida daga akwati, wasu suna hawaye. Sai da na ɓoye na 'yan wata a cikin riga. Haka aka yi bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Shagari ranar 31 ga Disamba na shekarar. Ko ɗaya ba ta yi kwantai ba. Da aka canza launin takardun kuɗi a watan Afrilu 1984 kuwa, sai ga masu taurin bashi suna nemana da kansu, kowa na so ya rabu da tsofaffin takardu kafin wa'adi ya cika. Kawu ya ce bai taɓa ganin tsoron Allah ya sauko wa mutane a rana ɗaya kamar wannan ba.

Gida na ƙarshe a zagayena shi ne na wani dattijo da unguwa ke kira Baba Tela. Tsohon maɗinki ne, a da yana da shago da yara masu koyo, sai yanar ido ta rufe masa gani, ya dawo zaman zaure. Gaskiya kawai yake saye, kuma bai taɓa cin bashi ba. Da ya ji hon ɗina sai ya laluba aljihu ya fito da sulalla, ya shafa gefensu da babban yatsa ya miƙo daidai. Na yi makonni ina mamakin abin da makaho ke yi da jarida. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye shi.

Ya yi dariya ya ce, "Ajiyewa nake yi, ɗan jarida. Mai karanta mini ya yi tafiya. Kai ka iya?"

Na ce na iya.

"To in an taso daga makaranta ka zo mu gani."

Ashe ban iya ba. Karatun zuci daban, karatu a bayyane gaban dattijon da ya shekara yana sauraren Rediyo Kaduna da BBC daban. Ba na yin layi uku ban yi tuntuɓe ba. In karanta ƙasa kamar kasa, in ja wasalin da ba a ja, in zo kan sunan wani shugaban Turai in tsaya cak kamar jaki ya ga rami. Shi kuwa ba ya faɗa. Sai dai ya ɗaga yatsa ya ce, "Koma baya." In koma. In na sake ɓatawa ya faɗi kalmar sau ɗaya, mu wuce. Wani lokaci kuma ba ni ne da laifi ba, jimlar ce ta yi tsawo har numfashina ya ƙare. Sai ya ce, "Wannan da Turanci ya yi tunaninsa. Faɗa mini da Hausa me yake nufi." In na faɗa sai ya ce, "To me ya hana shi ya rubuta haka?"

Daga bakinsa na fara jin tarihin jaridar da nake rabawa. Ya ce a nan Zariya aka haife ta a 1939, Abubakar Imam ne editanta, kuma ginin Gaskiya da ke Tudun Jukun saboda ita ake kiransa haka. Ya ce lokacin yaƙin Hitila yana saurayi, mutum ɗaya ke saye, mutum ashirin su kewaye shi a karanta musu. Har ya ce ya taɓa yi wa wani ma'aikacin wurin ɗinkin riga. In mun gama sai ya karɓi jaridar ya ninke ta huɗu, ya ba matarsa, wadda muke kira Iya, ta kai adaka. A kusurwar zauren akwai keken ɗinki Singer lulluɓe da tsohon zane. Duk Juma'a sai ya sa a yaye zanen, ya laluba ya ɗiga masa mai, ya juya ƙafar sau biyu uku, a mayar a rufe. Na ɗauka nasa ne.

Mun fi shekara a haka. Wata rana a cikin daminar 1984, watan Yuli, na karanta masa wata cigiya, wani na neman ɗan uwansa da ya ɓace. Na wuce zuwa labari na gaba sai ya ɗaga yatsa. Na tsaya ina neman inda na ɓata. Ya ce, "Ba ka ɓata ba. Gobe ka zo da takarda da biro."

Washegari ya ba ni labarin da duk unguwa ta sani ban da ni. Yana da ɗa namiji guda ɗaya, tela kamarsa, shi ne mai keken nan, shi ne kuma mai karanta masa Gaskiya tun yana ɗan makaranta. Shekara tara da suka wuce, ana jajibirin sallah, kuɗin ɗinkin mutane suka ɓace a shago. Baba Tela ya ce ɗan ne ya ɗauka, tunda shi ke riƙe da makulli. Ɗan ya rantse, uban ya mare shi a gaban yaran shago ya ce kada ya sake taka masa gida. Da gari ya waye ba a gan shi ba. Bayan shekara biyu, da ido ya fara tafiya aka zo kwashe kayan shago, kafinta ya zare aljihun tebur, sai ga kuɗin a bayansa, sun faɗa tsakanin katako da katako, ɗaure da ƙyallen da Baba Tela ya ɗaure su da hannunsa. Tun daga nan ake aika saƙo ta bakin direbobi da 'yan goro. Wani ya ce ya gan shi a Agege, wani ya ce Shagamu. Babu wanda ya dawo da amsa.

Ya ce, "Duk inda yake, in dai ana kai Gaskiya, yana karantawa. Rubuta."

Ya yi ta faɗa ina rubutawa har na cika shafi guda na littafin makaranta, na juya baya. Ya faɗi yadda shagon yake, da yadda masu kaya suka taso masa, da cewa makulli ɗaya ne, da cewa duk uban da ya tsinci kansa a wannan hali haka zai yi. Ya kawo hakkin iyaye a kan 'ya'ya. Da ya gama ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Koma farko. Maganar makullin nan, cire ta."

Na ce, "Baba, ai gaskiya ce."

Ya ce, "Gaskiya ce. Amma kare kaina nake yi da ita. Cire."

Haka muka bi ta layi-layi. Masu kaya suka fita. Hakkin iyaye ya fita. Duk inda na karanta ya ji yana wanke kansa sai ya ɗaga yatsa. Muka yi kwana uku a kan wannan takarda. Abin da ya rage a ƙarshe, har yau ina iya faɗinsa ko cikin barci aka tashe ni, sai dai sunan zan ɓoye:

"Ina cigiyar ɗana wane, tela, mutumin Tudun Wadar Zariya, wanda aka ce yana Agege ko Shagamu. Don Allah duk wanda ya san shi ya gaya masa an ga kuɗin, ba shi ya ɗauka ba. Idona ya tafi. Kekensa na nan ana sa masa mai."

Ya kwance bakin zanen Iya da ta miƙo daga bayan labule, ya ba ni naira biyar. Ya ce in je gidan waya na Sabon Gari in sayi ambulan da kan sarki, sauran in yi fasal oda in saka a ciki, ko da ana biyan kuɗin cigiya. Na ce to. Ranar yamma ta riga ta yi, na ce sai gobe.

Goben da asuba hadari ya haɗo. Muna tasowa daga wurin ejan ruwa ya kece. Ina da leda da nake rufe akwati, amma garin sauri a kan gangaren gadar Kubanni tayar gaba ta zame, na faɗi, akwatin ya buɗe, jaridu suka zube cikin kwata. Na tsince su suna ɗiga. Sha huɗu ba su moruwa. Kawu ya riga ya yi gaba, bai gani ba. Na tsaya a cikin ruwan nan ina lissafi: in na gaya masa, kuɗin aikina na makonni sun tafi, kuma waɗannan kuɗin Inna ke karɓa ta haɗa a yi cefane. Ga naira biyar a aljihun wandona, a naɗe cikin takardar Baba Tela. Na juya na koma wurin ejan na sayi wasu a madadin waɗanda suka jiƙe. Na ce wa raina aro na yi, mako mai zuwa zan mayar.

Mako mai zuwa bai zo ba. Duk Asabar Kawu ba ni yake ba kuɗin ba, Inna yake miƙa wa. Takardar ta zauna a tsakiyar littafin lissafina. Da Baba Tela ya tambaya ko na aika, na ce na aika. Daga nan kuma kowace fitowa, kafin in zauna sai ya ce, "Ɗan jarida, duba mana tukuna. Ta fito?" In buɗe shafuka ina motsa su don ya ji ƙara, in ce ba ta fito ba. Ya ce, "To, layi ne. Za a zo kanmu." Sati ɗaya, biyu, huɗu. Na fara jin ciwon ciki duk ranar da Gaskiya ta fito. Na fara kai masa jarida in ce ana nemana a gida.

Rannan a ƙarshen Agusta ya tambaya kamar kullum, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Ko dai sun ga maganar tsoho ce ba ta da amfani?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, ga ta nan, ta fito" ba. Na kafa ido a kan wata tallar maganin ciwon kai, na karanto masa cigiyarsa daga ka, tun daga farko har zuwa mai. Na ƙara da sunansa da unguwarsa a ƙasa, kamar yadda na ga ana yi.

Ya yi shiru. Can ya ce, "Sake karantawa." Na sake. Ya miƙo hannu na ba shi jaridar, ya shafa ta, ya ninke huɗu. Wannan karon bai ba Iya ba, ya sa a ƙarƙashin buzunsa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Je ka, yau ba sai mun yi sauran ba." Daga bayan labule na ji Iya tana hamdala tana fyace hanci.

Na fita ina jin kamar an sauke mini dutse. Har na yaba wa kaina, na ce ai faranta masa na yi.

Muka ci gaba da karatu kamar da, bai sake tayar da maganar ba. Bayan mako uku, ranar wata Laraba da la'asar, na zauna zan fara sai ya ce in dakata. Ya ɗaga gefen buzu ya zaro jaridar nan ya buɗe a kan cinyarsa. Ya miƙo mini yatsansa manuni ya ce, "Kama. Ɗora mini shi a kan sunan yaron nan. Ina so in taɓa."

Na kama yatsan. Yana da kanta a gefe, wurin da allura ta shekara tana ci. Na riƙe shi a sama, ga tallar maganin ciwon kai tana kallona. Da na ɗora shi a ko'ina, da ya wuce, ba mai gani. Hannuna ya yi ta rawa har shi ma ya ji. Sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa masa komai, ruwan sama, kwata, naira biyar, littafin lissafi.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na sani tun ranar."

Na ce, "Wa ya gaya maka, Baba?"

"Kai. Shekara ɗaya da rabi kana yi mini karatu, ba ka taɓa yin layi uku ba ka yi tuntuɓe ba. Ranar nan ka zubo ta kamar Fatiha, har sau biyu. Kuma ban ji idonka na tafiya a kan takarda ba. Mai karatu yana numfashi inda layi ya karye. Kai ka yi numfashi inda ni na yi lokacin da nake faɗa maka."

Na ce to me ya sa bai yi magana ba. Ya ce, "Na taɓa ce wa yaro ɓarawo a kan kuɗi, ina da tabbaci kamar yadda nake da shi yanzu. Ka ga inda ta kai ni. Na yi alkawari ba zan ƙara ba, sai dai mutum ya faɗa da bakinsa. Da don ni ne, da na ci gaba da jiranka. Amma tsohuwar nan ta ji, kuma ta yarda. Yau kwana ashirin da ɗaya kullum sai ta kwashe tuwo ta ajiye malmala biyu a kwano, ko zai iso cikin dare. Da safe ta ba almajirai. Shi ne na kasa ɗauka. Tashi ka shiga ka gaya mata."

Ban taɓa yin tafiya mai nisan wadda na yi daga zauren nan zuwa tsakar gida ba. Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa, kaina a ƙasa. Ta ajiye rariya ta daɗe tana kallon bango. Ba ta zage ni ba, ba ta ce Allah ya isa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kwanon jiya a rufe, ta ajiye a gabana ta ce, "Yau almajiran ba su zo ba. Ci, kada ya lalace." Na ci ina kuka, ita kuma ta koma tankaɗenta.

Baba Tela bai ba ni wasu kuɗin ba, kuma ya hana ni gaya wa Kawu. Ya ce bashi ne, in biya da guminna. Na roƙi Kawu ya bar ni in riƙa zagayawa da na Legas da yamma a tashar mota, kamashon ya zama nawa. Sai da na yi mako biyar kafin na haɗa naira biyar. A cikin Oktoba na je gidan waya, na liƙa kan sarki da yawuna, na jefa a akwati, na kawo masa rasiɗin fasal oda ya shafa.

Ta fito a watan Disamba, a can ƙasan wani shafi na ciki, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana. Da na gan ta a wurin ejan sai da na zauna a ƙasa. Ranar na fara da gidansa, na bar malamin jami'a da shayinsa yana jira. Na karanta masa, kuma wallahi sai da na yi tuntuɓe a kan sunan unguwarmu. Ya yi murmushi ya miƙo yatsa, na ɗora masa.

Baba Tela ya rasu a watan Fabrairu 1985, bayan gajeriyar jinya. Ɗansa ya iso ana saura kwana kaɗan sadakar arba'in, dogo, mai kama da shi, da mata da 'ya'ya biyu. Na gan shi a zauren yana zaune kusa da keken, an yaye zanen. Na gaishe shi na yi masa ta'aziyya, bai san ko ni wane ne ba. Wasu a unguwa sun ce cigiyar aka nuna masa, ya tsaya haɗa kuɗin mota da sallamar masu kaya. Wasu sun ce labarin rasuwar kawai ya ji a bakin wani direba. Ban tambaye shi ba, kuma ban tambayi Iya ba. Na ji tsoron amsar. Daga Yuli zuwa Oktoba wata uku ne, kuma tsakanin rasuwar da isowarsa bai kai kwana arba'in ba. Na yi wannan lissafin ya fi a ƙirga. Na san rai da ajali na Allah ne, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma takardar a littafina ta kwana wata uku.

A ƙarshen wannan shekarar karatu na tafi sakandare ta kwana, na miƙa wa ƙanena keke da hon.

'Yan uwa, na san da yawanmu a nan ƙagaggun labarai muke rubutawa, ni ma haka. Wannan ba laifi ba ne, domin mai karatu ya san ƙage ne, da yardarsa ya shigo. Abin da na yi wa Iya daban ne, ita ba ta san an buɗe littafi ba. Shi ya sa har gobe in na ga ɗayanmu ya ƙago labari ya sa masa hoto ya ce ya faru a gari kaza, don a yi ta turawa, sai kwanon nan ya faɗo mini a rai. Akwai wadda za ta karanta ta yarda, ta tashi ta yi wani abu a kai.

Sauran abin da na iya na gyaran rubutu kuwa, a kwana ukun nan na zaure na koye shi. Duk abin da na rubuta sai na karanta shi a bayyane kafin in sake shi. Inda numfashina ya ƙare, jimlar ta yi tsawo. Inda na ji ina wanke kaina, ko ina nuna na iya, sai in ga yatsan nan ya ɗagu. Wannan rubutun ma da farko ya fi haka tsawo. Akwai shafi guda da na yi a kan talaucin gidanmu a lokacin, da ƙanƙantar shekaruna, da santsin gangaren Kubanni. Duk gaskiya ne. Na karanta na cire.

Allah ya jiƙan Baba Tela da Iya da Kawu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a.